Yau Wannan Ƙafa, Gobe Waccan: Yadda Za Ka Kula Da Kwikwiyo Mai Ciwon Girma

Jiya da yamma kwikwiyonka yana ta tsalle-tsalle, lafiyarsa ƙalau. Gari na wayewa sai ga shi ya ɗage ƙafar gaba ta hagu, ba ya yarda ta taɓa ƙasa. Ka duba, babu rauni, babu jini, babu kuma wanda ya ga ya faɗi. Bayan mako biyu ƙafar ta saki, ka yi ajiyar zuciya. Kwatsam ɗingishin ya ɓullo a ƙafar baya ta dama. Wannan yawo da ciwon ke yi daga ƙafa zuwa ƙafa shi ne babbar alamar abin da masu kiwon karnuka ke kira ciwon girma, wanda likitocin dabbobi ke ce wa fanostiyaitis.

Ciwon yana can cikin ɓargon dogayen ƙasusuwan ƙafa. Ɓargon ne ke kumbura, wani sabon ƙashi marar ƙwari ya tsiro a cikin ramin na ɗan lokaci, daga baya jiki ya share shi ya mai da ɓargon yadda yake. Ya fi kama karnuka manyan iri tsakanin wata 5 zuwa wata 18 da haihuwa, kuma maza sun fi mata kamuwa. Jaman Shefad ne kan gaba, sai irin su Labrado, Goldin Ritiriba, Rotwaila, Dobaman da Giret Den. Har Baset, mai gajerun ƙafafu da ƙashi mai kauri, yana cikin jerin. Likitoci na danganta shi da gado da kuma saurin girma. Ƙafafun gaba ya fi zama, musamman ƙasusuwan da ke tsakanin gwiwa da wuyan ƙafa.

Labari mai daɗi shi ne ciwon kan wuce da kansa. Yawancin karnuka kan rabu da shi kafin su cika shekara 2, ba tare da ya bar musu tabo ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne abin da mai kare kan aikata cikin tausayi a waɗannan watanni: ƙwayar maganin mutane da ya jefa wa kwikwiyon, garin kalsiyam da ya barbaɗa masa a abinci, kwanon da ya ƙara cikawa wai don ya yi ƙarfi. Irin wannan ɓarna takan daɗe fiye da ciwon. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mataki na farko: duba shi da hannunka, a natse

Ka jira sai ya kwanta ya huce. Ka sami wani ya riƙe maka kansa yana shafa shi, domin kare mai jin zafi yana iya kai cizo ko da bai taɓa yi ba. In kana shakka, saka masa takunkumi.

Fara daga ƙasa. Buɗe tsakanin yatsun, duba tafin ƙafar ko ƙaya ta shige ko tsinin kwalba, ko farce ya tsage. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. In ba ka ga komai ba, ka hau sama. Lanƙwasa kowace gaɓa a hankali ka miƙe ta: wuyan ƙafa, gwiwa, kafaɗa, a baya kuma har ƙugu. Lura ko akwai wadda ta kumbura, ko ta fi 'yar'uwarta ta ɗaya gefen zafi.

Sai babban gwajin. Ka sa babban yatsanka a tsakiyar dogon ƙashin, nesa da gaɓa, inda nama ba shi da yawa, ka danna kaɗan. Kwikwiyo mai ciwon girma zai zabura ya janye ƙafar, ko ya yi kuka, alhali lokacin da kake lanƙwasa gaɓoɓin bai damu ba. Ka gwada sau ɗaya a kowace ƙafa ka bari. Kada ka yi ta maimaitawa don ka tabbatar, domin zafin na gaske ne.

In kana da ma'aunin zafin jiki, shafa wa bakinsa ɗan mai ka auna ta dubura. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38.3 da 39.2. Ciwon girma kan zo wani lokaci da ɗan zazzaɓi, da kasala, da ƙin cin abinci.

Abu biyu kuma da za su taimaki likita ƙwarai. Ɗauki bidiyonsa da wayarka yana tafiya, ta gaba da ta gefe, domin karnuka da yawa da zarar sun shiga asibiti tsoro kan sa su taka ƙafar kamar ba abin da ya same su. Sannan ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, ƙafar da yake ɗingishi da ita, ko ya ci abinci, da zafin jikinsa. Bayan wata biyu ba za ka iya tuna ko hagu ce ta fara ko dama ba, kuma wannan bayani ne ke nuna cewa ciwon yawo yake yi.

Mataki na biyu: kai shi wurin likitan dabbobi

Wani zai ce, tunda ciwon zai wuce da kansa, me ya kawo zuwa asibiti? Dalilin shi ne akwai cututtuka da dama da ke kama kare a daidai wannan shekaru, masu kama da ciwon girma a ido, waɗanda jira ke ƙara wa muni.

Akwai rashin daidaiton gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin kwaskonsa. Akwai irinsa a gwiwar ƙafar gaba. Akwai wanda guringuntsi ke ɓantarewa a cikin gaɓa, galibi a kafaɗa, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Akwai wani ciwon ƙashi mai tsanani da ya fi kama ƙananan kwikwiyoyi, inda ƙarshen ƙashi kusa da gaɓa ke kumbura ya yi zafi rau, da zazzaɓi mai ƙarfi, har kwikwiyon ya kasa tashi. Cututtukan da kaska ke ɗaukowa su ma suna kawo ɗingishi mai yawo da zazzaɓi, kuma maganinsu daban ne gaba ɗaya. Ga kuma tsagewar ƙashi a wurin da yake tsirowa, wadda in ba a kula ba ƙafar kan girma a karkace. Ana ma iya samun kare ɗaya da ciwon girma da matsalar gwiwa a lokaci guda, ɗaya ya ɓoye ɗaya.

Likita zai matsa ƙasusuwan, ya gwada gaɓoɓin, sannan ya ɗauki hoton ƙashi. A hoton, ramin ɓargo da ya kamata ya fito da duhu sai ya fito da fari-fari kamar gajimare. Ka sani cewa wannan alama takan makara, tana iya ɗaukar kusan kwana 10 bayan ɗingishin ya fara kafin ta bayyana. Don haka in hoton farko ya fito fes kuma likita ya ce ku dawo bayan mako biyu a sake ɗauka, yana da hujja. In ka taɓa cire wa karen kaska a 'yan makonnin nan, faɗa masa, wataƙila ya ƙara da gwajin jini.

Wasu alamun kuwa ba sa jiran gobe. In ƙafar tana reto ko ta lanƙwashe inda babu gaɓa, in ya kasa miƙewa sam, in zafin jikinsa ya kai digiri 40, in gaɓa ta kumbura tana zafi, in dasashinsa ya yi fari, ko ya ƙi shan ruwa yini guda, a kai shi nan take.

Mataki na uku: maganin zafi, kuma daga hannun likita kaɗai

Babu maganin da ke warkar da ciwon girma. Aikin magani shi ne ya rage wa kwikwiyon azaba har lokacin ya wuce. Kuma a ganina ba daidai ba ne a bar shi ya yi ta fama wai ai zai wuce. Dabbar da ta daina cin abinci saboda zafi, take kuka in an taɓa ta, tana da haƙƙin a sauƙaƙa mata.

Abin da likitoci suka fi bayarwa shi ne magungunan rage kumburi da zafi da aka yi don karnuka, irin su karfurofen da meloksikam. Da nauyin kare ake auna su, kuma kwikwiyo mai girma nauyinsa na canjawa kowane mako. Saboda haka in ciwon ya dawo bayan wata biyu, kada ka ɗauko ragowar na da ka ci gaba da tsohon awo. A sake ɗora shi a sikeli, likita ya sake lissafi.

Ka ba shi maganin tare da abinci, a lokacin da aka faɗa, iya kwanakin da aka faɗa. In ka manta da na safe, kada ka haɗa biyu da yamma. Muddin yana shan maganin, idonka ya kasance a kan abin da ke fita daga jikinsa. Amai, gudawa, kashi baƙi kamar kwalta, ƙin abinci, yawan shan ruwa da fitsari fiye da yadda ya saba, ko idanu da dasashi su yi rawaya: kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka dakatar da maganin ka kira likita. Baƙin kashi alamar jini ne daga ciki.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka karanta sau biyu. Maganin ciwon jiki na mutane guba ne ga kare. Ibufurofen, nafuroksen da dikulofenak suna huda cikin kare da gyambo, suna kuma lalata ƙoda, a awon da mutum zai ga kaɗan ne. Jikin kare ba ya fitar da su da saurin da namu ke yi, nafuroksen musamman yakan daɗe yana zagayawa a jininsa. Farasitamol in ya wuce kima yana cin hanta, yana ɓata jajayen ƙwayoyin jini. Akwai lokacin da likita kan rubuta shi ga kare da awo na musamman, amma wannan hukuncinsa ne shi kaɗai. In akwai kyanwa a gidan kuwa, ko kusa kada ya je wurinta, kashe ta yake yi. Asfirin ma kada ka bayar da ra'ayin kanka, domin in yana cikin jikin karen, likita zai jira kwanaki kafin ya fara ba shi maganin da ya dace. Har man shafawa na ciwon gaɓoɓi da mutane ke amfani da shi yana da haɗari, tunda kare zai lashe shi.

Haka kuma ba a haɗa waɗannan magungunan rage zafi da magungunan sitiroyid irin su firedinisolon, waɗanda ake bayarwa don kumburi ko ƙaiƙayi. Haɗuwarsu na iya fasa ciki. In karenka yana shan wani magani, ko na ƙaiƙayi ne, ka faɗa wa likita tun kafin ya rubuta komai. In kuma ka riga ka ba shi wani abu daga naka kafin ku zo, faɗi gaskiya, da sunan maganin da yawansa da lokacin. Kunya a nan tana iya jawo asarar rai.

Mataki na huɗu: hutu, wanda shi ne mafi wuya

Da zarar magani ya fara aiki, kwikwiyon zai ji kamar ya warke, ya nemi ya koma tsere. Ƙashin kuwa yana nan yadda yake. A kwanakin da ciwon ya taso, fitarsa ta zama ta fitsari da kashi kawai, a ɗaure da igiya, minti biyar zuwa goma, sau da yawa a yini. Babu jefa masa ƙwallo, babu kokawa da wasu karnuka, babu hawa da saukar bene, babu dira daga mota ko kujera. In dole ne ya shiga mota, ɗaga shi, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin cinyoyi.

Ka ware masa wuri marar faɗi sosai, da shimfiɗa mai laushi, ruwa da abinci kusa da shi. In daɓen ɗakin mai santsi ne, shimfiɗa darduma ko wani abu da ƙafa za ta kama, domin kare mai tafiya da ƙafa uku saurin zamewa gare shi. Wasu karnukan suna jin daɗin tsumma mai ɗumi a kan ƙafar na 'yan mintuna. Gwada shi a bayan hannunka tukuna, in kuma ya janye ƙafar ka ƙyale shi. Kada ka matsa ƙashin da sunan tausa, kada kuma ka ɗaure ƙafar kamar mai karaya.

Kwikwiyo ɗan wata bakwai da aka hana gudu zai fara cinye takalma da haushi ba dalili. Ka gajiyar da ƙwaƙwalwarsa tunda ba za a gajiyar da ƙafafunsa ba. Ɓoye 'yan ƙwayoyin abincinsa cikin tsohon tawul ya nemo da hanci. Ba shi abin tauna da ya dace da girmansa. Koya masa abubuwan da ake yi a kwance, kamar ya tsaya a wurinsa, ya kalle ka in ka kira sunansa, ya yarda a duba kunnensa da bakinsa. Yaran gida kuma a yi musu bayani cewa ƙafarsa na ciwo, kada a hau shi, kada a ja shi.

Mataki na biyar: gyara kwanonsa

Mutum in ya ga dabbarsa na ciwon ƙashi, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ƙashin ya rasa wani abu, a ƙara masa. Ga kwikwiyo babban iri, sau da yawa akasin haka ne: abin ya yi yawa.

Ɗauki kalsiyam. Babban kare in abincinsa ya cika kalsiyam, hanjinsa kan ɗauki abin da yake bukata ya bar saura ya wuce. Ƙaramin kwikwiyo, musamman kafin wata 6, hanjinsa bai iya wannan tacewa ba, abin da aka ba shi yake zuƙewa. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada wannan a kan kwikwiyoyin Giret Den a shekarun 1980: waɗanda aka ba kalsiyam mai yawa sun tashi da matsalolin ƙashi da guringuntsi. Daga baya a jami'ar aka gwada bambancin furotin, ba a ga ya ɓata girman ƙashinsu ba. Shi ya sa ƙungiyar AAFCO, mai tsara ƙa'idar abincin dabbobi a Amurka, ta sa iyaka: abincin kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye in ya girma, kada kalsiyam ɗinsa ya wuce kashi 1.8 cikin 100 na busasshen nauyin abincin. Ma'anar wannan a gida ita ce, in kana ba shi cikakken abincin da aka haɗa don kwikwiyoyi manyan iri, kada ka ƙara ƙwayar kalsiyam, ko garin ƙashi, ko bitamin D, sai in likita ne ya rubuta.

Ɗaya gefen ma akwai rami. Kwikwiyon da ake ciyarwa da zallar nama yana samun fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, sai jiki ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi har ƙashin ya yi laushi ya riƙa karyewa. Duk mai dafa wa kwikwiyonsa abinci da kansa, ya zauna da likita a tsara masa awon kowane abu.

Sai yawan abincin. Girman da kare zai kai yana cikin jininsa. Yawan ci ba zai sa ya wuce nan ba, sai dai ya kai shi da wuri, a ɗora nauyi kan ƙashin da bai gama ƙwari ba. An yi wani dogon bincike a Amurka kan Labrado 48, aka bi su tun suna 'yan makonni har ƙarshen rayuwarsu, aka wallafa sakamakon a 2002. Rabinsu an rage musu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da 'yan'uwansu ke ci. Waɗanda aka rage wa sun fi samun lafiyar ƙugu, ciwon gaɓoɓi ya makara kafin ya same su, kuma sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara 2. Waɗannan bincike kan lafiyar ƙashi gaba ɗaya suke magana, amma darasinsu ya shafi kwikwiyonka kai tsaye.

Don haka daina barin kwano cike yini guda. Auna abincin, ka raba shi sau uku a yini kafin wata 6, sau biyu bayan nan. Abin da kake ba shi na lada wajen koyarwa, daga cikin awon yinin za ka cire. Kowane mako ka shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata ka ji haƙarƙarinsa cikin sauƙi ba tare da ka danna ba, in kuma ka dube shi daga sama ka ga ƙugunsa ya ɗan shiga. Kwikwiyo mai teɓa yana da ban sha'awa, na sani, amma ƙafafunsa ne ke biyan kuɗin. Ga shi yanzu yana hutu ba ya ƙona abin da yake ci, don haka sai an ƙara sa ido. In za ka canja masa abinci, yi a hankali cikin mako guda, kana gauraya sabon da tsohon, don kada cikinsa ya ɓaci yana tsakiyar shan magani.

In zafi ya hana shi ci, ɗan jiƙa abincin da ruwan ɗumi don ƙamshinsa ya tashi, ka kawo masa har inda yake kwance. In ya kwana biyu bai ci ba, koma wurin likita.

Mataki na shida: in ya lafa, da in ya dawo

Ciwon a ƙashi ɗaya yakan ɗauki mako 2 zuwa 5. In ɗingishin ya tafi, kada ka sake shi gaba ɗaya rana guda. Fara da tafiya a igiya kan ƙasa mai laushi, ka riƙa ƙara 'yan mintuna duk bayan kwana biyu ko uku. In ya tashi da safe yana ɗingishi, jiya an wuce gona da iri, a koma baya kaɗan. Tsakanin wannan tasowar ciwon da ta gaba yana bukatar motsa jiki matsakaici don tsokarsa ta ginu. Amma dogon gudu a bayan keke, ko tsallake shinge, a bar su sai wuraren tsirowar ƙashi sun rufe, wanda a manyan iri yakan kai wata 12 zuwa 18, a ƙattai irin Giret Den ma ya fi haka.

Zai iya dawowa, sau biyu, sau uku, ko fiye, galibi a wata ƙafar. Wannan ba ya nufin ka yi kuskure ko maganin bai yi ba. Ka buɗe littafinka ka rubuta, ka sake duba tafin ƙafa da gaɓoɓi kamar ranar farko, domin kare mai ciwon girma ma yana taka ƙaya, yana kuma yin targaɗe. Sannan ka kira likita kafin ka sake fara magani.

Abin da zai sa a sake bincike daga tushe shi ne ɗingishin da ya kafe a ƙafa ɗaya fiye da mako 5 ba sassauci, ko cinyar ƙafar ta fara ramewa fiye da ɗayar, ko yana tsalle da ƙafafun baya biyu tare kamar zomo in yana gudu, ko kuma ya haura shekara 2 ciwon bai rabu da shi ba. A irin wannan hali ka nemi a ɗauki hoton ƙugu da gwiwoyi da kafaɗu, ka tafi da bidiyoyin da ka tara da littafinka. In kuma a wurin mai kiwo ka samo kwikwiyon, sanar da shi abin da likita ya gano, tunda ciwon yana bin jini, don ya duba sauran 'yan cikin kafin ya sake haɗa iyayen.